Takardar da Kaka Ya Sa a Leda

Keffi, 4 ga Maris, 2024

Magdalena, na samo ta! Takardar haihuwarki tana hannuna.

Yanzu sai gaisuwa, tunda na sauke abin da ke bakina. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Burazil, yaya rogon mutane da kika tafi kina yi wa magani kika bar na kakanki? Mu nan lafiya lau, sai zafi da wannan gwiwar hagu. Mangwaron bayan gida ya fara nuna, ba mai hawa.

Kwana huɗu ina nema. Ba ta cikin akwatin marigayi babanki Nelson inda kika ce in duba. Ashe kakarki Anjelina, kafin Allah ya kira ta, ta naɗe ta cikin zanenta na zumuntar mata ta sa a ƙasan durowa. Da na buɗe sai na ga gara ta ɗan ci gefe, kuma wurin ninki ya kusa raba ta biyu. Na ce takardar da za ta ƙetare teku ba za ta tafi haka kamar busasshen ganye ba. Na hau acaɓa na je shagon fotokwafi na bakin kasuwa, na sa aka yi mata laminetin, aka manne ta cikin leda mai kauri. Yanzu ko cikin rijiya ta faɗa ba abin da zai same ta. Haka na yi wa satifiket ɗina na ajin yamma shekara ashirin da suka wuce, har yau kamar jiya aka ba ni.

Babanki ƙarami Wilson zai zo daga Mararaba ranar Laraba ya karɓa. Na rubuta matakan da kika faɗa a jikin kalanda don kada mu ɓata: hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, sai hatimin ofishin jakadancin Burazil, sai a aika miki, sai mai fassara ya juya ta zuwa harshensu.

Kin ce izinin zama na dindindin kike nema. Na karanta wurin sau uku. To, Allah ya sa alheri ne.

Ki ci gaba da rubuto mini da hannu kina turo hoton, suna buga mini a shagon da manyan baƙaƙe. A waya kunnena rabi yake ji. Ga hoton takardar nan na haɗa da na wasiƙar.

Tsohon angonki,
Gamaliel

*

Bahia, Burazil, 9 ga Maris

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa. Ni lafiya ƙalau.

Baba Wilson ya kira ni jiya daga Abuja. Ba su karɓi takardar ba. Sun ce ba a buga hatimi a kan leda. Sai a jikin takardar kanta, a bayanta, kuma sai jami'in ya taɓa ta ya tabbatar ba jabu ba ce. Hoton da ka turo ma ledar ta yi walƙiya, ta rufe saman takardar, ban ga lambar ba.

Kaka, lokaci ne damuwata. An ba ni ranar 28 ga Yuni in miƙa komai. In ranar ta wuce, izinin da nake kai zai ƙare kafin in sami wata, aikin kuma da izinin yake tafiya.

Baba Wilson zai maido maka da ita yau Asabar. Don Allah kada ka sake yin komai a kanta. Ka ajiye kawai. Gobe za mu fita gonaki, zan yi tunani in rubuto.

Magdalena

*

Keffi, 2 ga Afrilu

Zuwa ga jikata Magdalena,

Gaisuwa mai yawa, da barka da tashin Almasihu. Mun yi Ista lafiya. An yi yayyafi sau ɗaya, bai jiƙa ƙasa ba. Gwiwa da sauƙi. Barci ne ba sosai ba.

Yau kwana ashirin da huɗu ban ga rubutunki ba. Wasiƙarki ta ƙarshe ma ba ango, ba tsokana, sai sunanki kawai a ƙasa kamar takardar ofis. Na gane kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Amma abin da zan faɗa miki yanzu ya fi wancan muni, gara ki ji daga hannuna.

Kin ce kada in taɓa. Na yi mako biyu ban taɓa ba. Kullum ina kallon ta a kan tebur ina kallon kalanda. Ranar Lahadin dabino, bayan sujada, wani ya ce mini ai da zafi aka manne ledar, da zafi kuma take sakewa. Na dawo gida na hura gawayi a dutsen guga, na shimfiɗa tsumma a kai, na goga a hankali. Gefe ɗaya ya buɗe, har na fara godiya. Da na ja, sai fuskar takardar ta biyo ledar. Rubutun ya rabu gida biyu. Saman kuma, inda lambar take, ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Sunanki ya tsira, da na uwarki. Sauran babu.

Na je ofishin rajistar haihuwa. Matar da ke wurin ta saurare ni da mutunci. Ta ce za a iya ba da sabon kwafi daga babban littafi, amma sai da lambar shiga da lambar kundi. In babu, sai an bi kundin shekarar ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta iya yi mini alkawarin rana ba.

Ban gaya wa Wilson ba tukuna. Ina jin kunyar ɗan da na haifa.

Na yi ta addu'a a kan wannan abu. Wani lokaci nakan ce, wataƙila Allah ne bai nufa ki zauna can har abada ba, shi ya sa ya bar hannuna ya yi wauta. In haka ne, ɗakinki yana nan, gona ma tana nan.

Kakanki,
Gamaliel

*

Bahia, 6 ga Afrilu

Kaka,

Barka da Ista. Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Fiye da mako uku muna can cikin ƙauyuka muna duba wata cuta da ta kama rogo, ba sabis sai an hau tudu. Na faɗa maka za mu fita gonaki, ban faɗi tsawon kwanakin ba. Wannan laifina ne. Ranar da na rubuta waccan wasiƙa kuma kwanakin da suka rage kawai nake ƙirgawa, shi ya sa ba wasa a ciki.

Na dawo na tarar da taka. Maganar dutsen guga ta sa na zauna a ƙasa. Amma ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Layin ƙarshe ne.

Zan tambaye ka abu ɗaya, kuma kai ka koya mini tambaya kai tsaye. Kana so wannan takarda ta yiwu, ko ba ka so? Na ce kada ka taɓa, ka taɓa, sannan ka ce mini ɗakina yana nan. Shekara bakwai ina nan, Kaka. Na koyi harshensu da kuka. In zuciyarka ba ta tare da ni a kan wannan, ka faɗa mini, sai in roƙi Baba Wilson ya ɗauki komai, kai ka huta. Ba zan daina son ka ba. Ina so in sani ne kawai.

Saura kwana tamanin da uku.

Magdalena

*

Keffi, 24 ga Afrilu

Magdalena,

Ina gaishe ki. Ruwa ya sauka sosai, maƙwabta sun fara shuka agushi, ni ban ko leƙa gona ba. Lafiyata ƙalau. Na jinkirta amsa ne don ban so in zo miki da baki kawai ba.

Ga amsar tambayarki. Ban ƙona takardarki da gangan ba, Allah shi ne shaidata. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, tun ranar da na ga dindindin a wasiƙarki raina bai so ba. Na binne babanki, na binne kakarki. Shekarata saba'in da tara. Na ce ashe wannan ma ta tafi ke nan. Da takardar ta lalace na yi baƙin ciki, amma can ƙasan baƙin cikin akwai wani ɗan wuri da ya ji sanyi. Wannan wurin ne ya rubuta miki layin nan. Ki yafe masa. Na tsawata masa.

Yanzu ki ji labari. Kin tuna Malam Zulkifilu na Tudun Ƙofa, wanda muka yi ajin yamma tare, mai tsayin nan da ke zama a benci na baya? Kwana biyu bayan ƙaramar salla ya kawo mini abincin salla da kansa, ya ce ya ga ban je ba bana. Ya tarar da ni zaune da takardar a cinya. Ya ɗaga ta ya juya.

Ya ce, "Gamaliel, kai da ka fi mu iya rubutu a aji, ƙarshenka goge takarda kamar wando?"

Na ce, "Ka ci gaba. Wanda ya maimaita aji ɗaya sau biyu ai dole ya sami abin faɗi."

Ya yi dariya har yana tari. Can sai ya sake kallon takardar. Ya ce, "Tsaya. Wannan ba ita ce mai awaki ba?"

Ban gane ba sai da ya tuna mini. A shekararmu ta biyu, Malam Yosiya da ke koya mana ya ce kowa ya samo takardar gwamnati a gidansa ya kwafe ta tsaf, kada ya bar ko ɗigo, don mu daina tsoron takardun ofis. Zulkifilu ya kwafi lasin babur ɗinsa. Ni na kwafi takardar haihuwarki, har da tambarin Najeriya na sama. Dawakan nan biyu suka fito kamar awaki, aji ya yi mako yana mini kukan akuya. Ke kina aji uku a firamare lokacin. Ke kika riƙe mini rula.

Littattafaina na ajin yamma duk suna cikin buhu a saman silin. Mu biyu tsofaffi muka tsaya muna kallon tsani. Zulkifilu ya ce shi ya fi tsawo, ni na ce gidana ne. A ƙarshe shi ya hau, ni na riƙe, yana ta cewa in ya faɗo in gaya wa iyalinsa arne ne ya kashe shi, ni ina cewa ai zan yi masa addu'a da Turanci. A littafi na shida muka same ta. Awakin suna nan. Lambar shiga tana nan, lambar kundi tana nan, da jan biron Malam Yosiya a ƙasa: tara bisa goma.

Ranar Litinin muka je ofishin tare. Matar ta ga awakin ta rufe baki da hannu. Ta shiga ciki, ba ta yi minti ashirin ba ta fito rungume da wani ƙaton littafi. Ta buɗe, ta bi da yatsa, ga ki nan. A layin wanda ya kawo labarin haihuwa akwai dangwalen babban yatsana, don a lokacin ban san ko baƙi ɗaya ba. Babanki yana wurin aiki a Lafiya, ni na je.

Ta tura ni kotu na yi takardar rantsuwa cewa ta asalin ta lalace a hannuna. Magatakarda ya turo mini tawadar dangwale ganin furfurata. Na ce ya ba ni biro.

Yau da safe na karɓo sabuwar. Na sa ta tsakanin kwali biyu. Ko iska ban bari ta taɓa ta ba. Na gaya wa Wilson komai, ya yi faɗansa ya gama. Jibi za mu Abuja, kuma da ni za a je.

Kakanki,
Gamaliel

*

Keffi, 21 ga Mayu

Amaryata,

Kin ce in dawo da kiran ki haka, to na dawo. Wasiƙarki ta yafiya na karanta ta har ta yi laushi. Ina lafiya. Zulkifilu yana gaishe ki, ya ce ki tuna da wanda ya hau tsani.

Abuja sau uku muka je. Kullum da asuba muke tashi don mu riga cunkoson Mararaba da Nyanya, kullum kuma sai mu tarar ya riga mu. A ma'aikatar na roƙi jami'in ya bar ni in tsaya in gani. Ya murza takardar da yatsu, ya ɗaga ta ga haske, ya juya bayanta. A nan na gane abin da leda ta hana. Bayan takarda ashe shi ne gonarsu. Da muka koma karɓa, ga hatimi ga sa hannu. Ofishin jakadanci suka ƙara nasu a ƙarƙashi, bayan sun riƙe ta kwana goma sha biyu da suka yi mini kamar shekara.

Jiya muka ba masu kai saƙo ta jirgi, tare da takardar 'yan sanda ta shaidar ba ki da laifi, wadda Wilson ya gama tun tuni. Sun ce mako guda zuwa kwana goma. Na lissafa, zai bar wa mai fassararki kusan wata ɗaya. Ki ce masa tsoho ya ce kada ya yi nawa.

Da na miƙa ambulan ɗin hannuna bai so saki ba, har yarinyar da ke karɓa ta ce, "Baba, sai ka sake zai tafi." Na sake.

Naki,
Gamaliel

*

Bahia, 29 ga Yuni

Angona mai dutsen guga,

Na miƙa jiya. Sun karɓi komai, ba su maido ko ɗaya ba. Yanzu sai jira, sun ce watanni. Yaya gwiwa? Ka daina hawa acaɓa haka nan.

Mai fassarar mace ce, dattijuwa, gwamnatinsu ta rantsar da ita. Ba ta barin komai. Kowane hatimi sai ta rubuta cewa a nan akwai hatimi mai siffa kaza. Sunanka ya fito sau biyu a fassarar. Ta tambaye ni wane ne wannan, na ba ta labarin awaki, ta cire tabarau tana dariya.

Kaka, akwai abin da ya kamata in bayyana maka tun a Maris, na ɗauka ka sani. Ka san abin da ya hana ni zuwa gida duk shekarun nan? Hutuna a Disamba yake faɗowa, a Disamba kuma kullum takarduna suna hannun hukuma ana sabuntawa, ɗan rasit kawai ke hannuna. Ina tsoron in fita da shi a hana ni komawa. In wannan ya fito, ba sauran sabuntawa duk shekara. Zan iya fita, zan iya komawa. Ban ce zan dawo Keffi da zama ba, ba zan yi maka wannan ƙaryar ba. Amma ƙofar za ta buɗe ta kowane gefe.

Ka bar mini mangwaro. Na san ba lokacinsa ba ne, ka yi dabara.

Taka,
Magdalena

*

Keffi, 19 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Filomina a Garaku, da dukan gida,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyi, yaya girbi, yaya ƙafar mijinki? Ni lafiyata ta fi ta bara. Na ba direban motar Garaku wannan wasiƙa, a karanta ta a tsakar gida kowa ya ji.

Magdalena ta Nelson ta zo. Jiya da rana Wilson ya ɗauko ta daga filin jirgi. Izinin da muka yi ta wahala a kansa ya fito tun watan jiya, ba ta gaya mini ranar tahowa ba don kada in je in tare hanya. Ina cikin ɓare gyaɗa na ji an ce, "Ina mai gidan nan, ko ya yi sabon aure ne?" Filomina, gyaɗar ta zube, har yanzu kaji suna yi mini godiya.

Ta yi tsawo, ko ni ne na rage. Tafiyarta ta kakarta ce sak. Hausarta tana nan, sai dai in ta yi mamaki wata kalma takan kuɓuce mata da ba mu san ta ba. Ta nuna mini katin. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba. Na juya shi na ce duk wannan hawa tsani da zuwa Abuja a kan wannan ne? Ta ce in riƙe da kyau, ta kuma tsaya a kaina har na maido mata.

Yanzu da nake rubutu tana gonar bayan gida da tsohon takalmina, tana tsugunne tana juya ganyen rogona ɗaya bayan ɗaya. Ta riga ta ce rabi sai an tumɓuke. Na ce shekara hamsin ina noma. Ta ce shi ya sa. Malam Zulkifilu yana zaune a kan turmi yana goyon bayanta.

Za ta koma ranar tara ga Janairu. Ba na ɓoye muku, na ƙirga kwanakin, ashirin da ɗaya ne. Ta ce baɗi ma za ta zo, kuma wannan karon na yarda, don na ga abin da zai kawo ta da idona.

Saboda haka kada kowa ya ce mini aiki. Na sayi akuya, Wilson ya kawo shinkafa. Ku taho tun jajibirin Kirsimeti. Ki gaya wa mutanen gidan kawunta, ki gaya wa matan zumunta da suka yi wa uwarta wankan jego, ki gaya wa duk wanda ya taɓa cewa yarinyar nan ta ɓata a ƙasar Turawa. Wanda bai da kuɗin mota ya hau, zan tsaya a tasha. Tabarmi sun isa, in ba su isa ba Tudun Ƙofa za su ara mana.

Ku zo ku gan ta.

Yayanki,
Gamaliel